Tambaya da Amsa: Tsoffin Kalmomin Ihu da Kururuwa na Karkarar Ingila

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu daga cikin garin Sakkwato, kuma mun haɗa su wuri ɗaya ne saboda ɗaga murya suka shafa, ko da yake kowace da inda ta dosa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare. Kwanan baya ina karanta wani tsohon labari a kan mutanen karkarar arewacin Ingila, sai na yi ta cin karo da kalmomi irin su beal da gowl da skrike, waɗanda babu su a ƙamusun da nake koyarwa da shi, ko da yake yanayin maganar ya nuna cewa ihu ko kuka ake nufi. Shin Turanci ne na gaskiya, ko marubucin ne ya ƙago su? In na gaskiya ne, daga ina suka fito, kuma me ya sa ba a koya mana su ba? Daga wani malami, Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kalmomin nan Turanci ne tsantsa, kuma sun shekara ɗaruruwa a bakin masu su. Abin da ya sa ba ka same su a ƙamusun makaranta ba shi ne, Turancin da ake koyarwa ya ginu ne a kan maganar Landan da kewayenta, inda fada da kotuna da manyan fatake suke, inda kuma William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a ƙasar a 1476. Sauran yankuna sun ci gaba da magana da nasu karin harshen, kamar dai yadda daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da Kananci alhali Basakkwace da Bagobiri da Bakabe da Bakatsine ba su daina faɗar abin da suka gada ba.

Bari mu fara da beal, domin ita ce ta fi saurin nuna inda irin waɗannan kalmomi suke tsirowa. A Yorkshire da maƙwabtanta, asalinta kukan sa ne ko saniya, irin wanda muke kira gunji, daga baya aka ɗora ta a kan yaron da ya buɗe baki iyakar ƙarfinsa yana kuka, ko babban mutum da ya ɗaga murya fiye da kima. 'Yar'uwa ce ga bellow da ka sani, kuma masana suna danganta su da bellan ta tsohon Turanci, wadda ke nufin ruri. Haka blart take a tsakiyar Ingila, wajen Birmingham da Staffordshire: kukan tunkiya ne ko maraƙi, amma uwa takan faɗa wa ɗanta ita in ya dame ta da kuka. Akwai kuma rowt a Sikotland da arewacin Ingila, wadda ita ma ta garke ce kafin ta zama ta mutum. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kara da safiyar ranar da aka sauke shanu ya san cewa kukan saniyar da aka raba da ɗanta daban yake da na bajimin da ya hango abokin karawa, kuma makiyayi ba ya rikita su. Mutanen da suka yi rayuwa da dabbobi haka kunnensu yake, shi ya sa in sun ji mutum ya ɗaga murya, sunan kukan dabbar da ya fi kama da shi suke ba shi. Mu ma mukan ce wane yana ta gunjin kuka, ko yana gurnani, ko yana ruri, ba tare da mun tsaya tuna zaki ko bajimi ba.

Gowl da skrike kuma suna ɗauke da wani tarihi na daban. Mayaƙan teku daga ƙasashen da yanzu ake kira Denmak da Norwe sun fara kai hari gaɓar Ingila tun ƙarshen ƙarni na 8, a 866 suka ci birnin York, daga nan da yawansu suka zauna a arewa da gabashin ƙasar, suka yi noma, suka yi auratayya da mutanen wurin. Harshensu ya bar zane a bakin jikokinsu. Gowl, wadda ke nufin kuka mai tsawo da ƙarfi irin na kare da dare ko na wanda aka yi wa rasuwa, ta fito ne daga gaula ta harshen waɗannan baƙi, rowt da muka ambata kuma daga rauta. Skrike, wadda har yanzu akan ji ta a bakin dattawan Lancashire da Manchester da ma'anar ƙwalla ƙara ko ɓarkewa da kuka, tagwaye ce da shriek da ke cikin ƙamusunka. Ka lura da farkonsu, domin a nan alamar take: inda tsohon Turanci ya mayar da sautin zuwa sh, harshen baƙin ya riƙe sk, shi ya sa ake da shirt da skirt, waɗanda asalinsu kalma ɗaya ce. Wannan misali ne mai kyau da za ka iya ba ɗalibanka, tun da su ma sun san cewa wanda ya ce tahi da wanda ya ce tafi abu ɗaya suke faɗa, kuma ana gane garin kowa daga bakinsa.

Wasu kaɗan da za ka iya sake haɗuwa da su: gulder a Sikotland da arewacin Ailan ita ce daka tsawa cikin fushi, irin ta maigida da ya tarar an bar awaki sun shiga rumbu. Skirl ƙara ce siririya mai shiga kunne, kuma da ita suke siffanta amon abin busarsu na salka, wanda a kunnen Bahaushe ya fi kusa da algaita. Yammer ta samo asali daga tsohuwar kalmar makoki, amma ta koma nufin ƙorafi da ɓaɓatu marar yankewa. Wadda ta fi rikita baƙo ita ce greet, domin a Sikotland ma'anarta zubar da hawaye, ba gaisuwa ba, kuma tushensu ma ba ɗaya ba ne.

A ganina, babban dalilin yawan waɗannan kalmomi shi ne aiki. Kafin waya da lasifika, murya kayan aiki ce kamar fartanya ko igiya. Makiyayi a kan tudu yana kiran karensa, manomi yana kiran na can ƙarshen gona, yara ana aika su su wuni suna korar hankaki daga alkama da ihu da ƙwanƙwasa katako, kamar yadda yaranmu suke korar tsuntsaye daga shinkafa a fadamar Rima. Misalin da ya fi burge ni daga Cornwall yake, can kudu maso yammacin Ingila. A garuruwan masunta na wannan gaɓa akwai mutumin da ake kira huer, wato mai kururuwa, wanda aikinsa shi ne ya tsaya a kan dutse yana duban teku a lokacin da ayarin ƙananan kifayen da suke kira pilchard yake matsowa gaɓa. Da zarar ya ga ruwa ya sauya launi, sai ya ƙwala hevva, hevva, kalmar da ta fito daga tsohon harshen yankin mai nufin taron kifi, nan take gari ya ruɗe, maza su ruga ga jiragensu, shi kuma ya ci gaba da yi musu nuni da rassan itace a hannu domin su san inda za su zagaya da koma. Ɗakin da irin wannan mutum yake fakewa yana nan tsaye har yau a garin Newquay, fari fat a bakin dutse. Kifin ya ja baya daga gaɓar a ƙarshen ƙarni na 19, sana'ar ta mutu, kururuwar kuma ta bi ta, sai dai a bakin masu ba da tarihi. Masuncin da ya san yadda ake jiran alamar shiga ruwa a bikin kamun kifi na Argungu ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane matsayin wannan murya a garin.

Ban da mutuwar sana'o'i, makaranta ma ta yi nata aikin. Daga dokar ilimi ta 1870 makarantun firamare suka bazu a Ingila, kuma malamai da yawa suka ɗauki karin harshen gida a matsayin kuskuren da ya kamata a kankare daga bakin yaro. Mutane suka bar ƙauye suka koma garuruwan masaƙu, jirgin ƙasa ya haɗa yankuna, sannan rediyon BBC da aka kafa a 1922 ya shigar da lafazi guda cikin kowane ɗaki. Yaron da aka yi wa dariya sau biyu saboda ya ce skrike, a karo na uku cry zai ce, kuma ɗansa ba zai ma ji ta ba.

Da ba don wasu mutane sun tashi tsaye ba, da yau ba mu da abin da za mu amsa maka da shi. A 1873 Walter Skeat ya kafa ƙungiyar tattara kare-karen Turanci, masu sa kai daga ko'ina suka riƙa aiko da kalmomi a kan ƙananan takardu. Wanda ya mayar da wannan tari ya zama littafi shi ne Joseph Wright, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa. An haife shi a 1855 kusa da Bradford a gidan talakawa, yana da shekara 6 ya fara aikin kora jaki, daga baya ya shiga masaƙar Saltaire yana ɗan ƙaramin lebura, bai kuma iya karatu ba sai da ya kai wajen shekara 15. Da kansa ya koya, ya shiga makarantar dare, ya tara kuɗi ya tafi Jamus, ya sami digirin dakta a Heidelberg a 1885, a 1901 kuma ya zama farfesan kwatanta harsuna a Oxford. Ƙamusunsa na kare-karen Turanci ya fito a juzu'i 6 tsakanin 1898 da 1905, yana ɗauke da kalmomi kusan 70,000, kowace da yankin da ake faɗarta da misalin jimla daga bakin masu ita, kuma shi ya ɗauki nauyin bugawa da kansa saboda masu ɗab'i sun ji tsoron asara. Abin da nake girmamawa a wurin mutumin nan shi ne, ilimin da ya samu bai sa ya ji kunyar maganar mahaifiyarsa ba, hasali ma ita ya mayar abin nazari. Bayansa, tsakanin 1950 da 1961, Harold Orton na Jami'ar Leeds ya aika ma'aikata ƙauyuka 313 suna yi wa tsofaffi tambayoyi suna rubuta amsarsu yadda ta fito. Jami'ar Innsbruck ta ƙasar Ostiriya ta ɗora ƙamusun Wright a intanet, saboda haka kana iya neman kalmominka uku a can ka ga gundumomin da aka ji kowace.

Game da koyarwa kuwa, shawarata ita ce kada ka bar ɗalibai su sa su a takardar jarrabawa, domin mai dubawa daidaitaccen Turanci yake nema. Amma ka nuna musu su a aji, ko don su san cewa Baturen ma yana da ƙauye da karin harshe.

Tambaya: Malam, ni ɗalibar shari'a ce a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Na ga hue and cry a littafin tarihin dokar Ingila, malaminmu ya ce kusan ihun ɓarawo ne irin namu. Haka ne? Kuma me ya haɗa hue da ihu, alhali na san ta da ma'anar launi? Daga wata ɗaliba, Runjin Sambo.

Amsa: 'Yata, malaminku ya yi gaskiya. Kalmomi biyu ne da rubutu ya haɗa su: hue ta launi daga tsohon Turanci take, ta ihu kuma daga Faransanci, daga huer mai nufin kurma ihu, kuma ta shiga ƙasar ne da Normawa da suka ci Ingila a 1066 suka mayar da harshensu na fada da kotu. Ita ce dai tushen sunan mai tsaron kifi na Cornwall da muka ambata a sama.

Bambancinsa da namu shi ne, a can doka ce a rubuce. Dokar Winchester ta 1285, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, ta wajabta wa wanda ya ga an yi fashi ko wani babban laifi ya yi kururuwa, ta kuma wajabta wa duk wanda ya ji ya bar abin da yake yi ya bi sawu daga gari zuwa gari har a kama mai laifin. In ya tsere, mutanen gundumar ne za su biya wanda aka yi wa fashi, wanda kuma ya ta da jama'a a kan ƙarya shi ma ana hukunta shi. An yi haka ne domin babu 'yan sanda, jama'a su ne masu tsaron kansu. An soke wannan tsari a 1827, a 1829 kuma Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan. Tun da shari'a kike karantawa, ki riƙe wannan da kyau: manufar waccan kururuwa ita ce a kama mutum a miƙa shi ga hukuma, ba a yanke masa hukunci a titi ba. Abin da yake faruwa a wasu kasuwanninmu, inda kalmar ɓarawo kaɗai take isa a kashe mutum kafin a tambayi abin da ya ɗauka, ba shi da mazauni a waccan doka, ba shi kuma da shi a shari'ar Musulunci da garin nan ya ginu a kanta.

Wata kalmar Normawa da za ki haɗu da ita ita ce oyez, wato ku saurara, wadda mai shelar gari yake faɗa sau uku yana kaɗa ƙararrawa kafin ya karanta sanarwa. Matsayinta ɗaya da na mai shelarmu da yake fara yekuwa da cewa Sarki ya gaishe ku, kuma har yau da ita ake buɗe zaman Kotun Ƙolin Amurka.

Tambaya: Malam, ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa malaminsu ya soke masa kuwwa a rubutun insha'i, ya ce ba Hausa ba ce, ihu ake cewa. Ni kuwa da ita na tashi, da ita kakarsa take magana har yau. Wa ke da gaskiya? Daga wata uwa, Gidan Igwai.

Amsa: Malama, kuwwa Hausa ce, kuma ba a bukatar tafiya nesa kafin a kafa hujja. Ki tambayi malamin da ladabi me ake kiran muryar da take dawowa in mutum ya yi kira a gindin dutse ko cikin rijiya, zai ce miki amsa-kuwwa, kuma da wannan suna ne marubuta da gidajen rediyo suke kiran lasifika in suna son kauce wa kalmar aro. Ashe kalmar da aka soke tana zaune daram cikin daidaitacciyar Hausa, ta dai fake ne a cikin wata. Irin wannan yana faruwa a Turanci ma: tsohuwar kalmar galan, mai nufin rera waƙa, ta ɓace daga bakin mutane, amma tana nan a ƙarshen sunan tsuntsun da suke kira nightingale, mai rerawa da dare.

Ba na son a zafafa wa malamin, domin aikin da aka ba shi shi ne ya koyar da Hausar da za a duba a jarrabawa, kuma yana da kyau yaro ya iya ta sosai. Kuskurensa a lafazin hukuncin yake. Da ya ce wa yaron wannan ta gida ce, ga kuma wadda aka fi sani a sauran wurare, da ya ƙara masa kalma ɗaya. Da ya ce ba Hausa ba ce, sai ya koya masa cewa kakarsa ba ta iya harshenta ba, kuma wannan ita ce hanyar da skrike da beal suka bi suka fita daga bakin jikokin masu su.

Hausa tana da wadata a wannan fage fiye da yadda muke lura. Ihu da kururuwa na neman ɗauki ne, tsawa ta fushi ce da iko, karaji na wanda abu ya kai masa maƙura ne, kwakwazo da kwarmato na mai tara wa mutum jama'a ne, hargowa da hayaniya na taro ne, shewa ta raha ce, yekuwa da shela na sanarwa ne. Aikatau ɗin ma ba a musanya su yadda aka ga dama, domin tsawa daka ta ake yi, kira a ƙwala shi, ihu a kurma shi, guɗa kuma a rangaɗa ta. Guɗar nan ta ishe mu misali, tun da Turanci bai da wata kalmar gida da ta yi daidai da ita, sai ululate da ya aro daga Latin, saboda al'adar rakiyar amarya da ita ba tasu ba ce. Ƙamusun Hausa na Bargery na 1934 ya yi ƙoƙari wajen sa alama a kan kalmomin da aka ji a Sakkwato ko Katsina ko wani yanki, kuma Cibiyar Nazarin Hausa tana nan a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, amma abin da yake bakin tsofaffin Wurno da Gwadabawa da Illela da Tambuwal ya fi abin da aka rubuta yawa.

Saboda haka ki gaya wa ɗanki ya rubuta ihu a jarrabawa, ya kuma ci gaba da faɗar kuwwa a gida ba tare da jin nauyi ba. Tun da Allah ya sa kakarsa tana raye, ki saya masa ƙaramin littafi ya riƙa zama kusa da ita bayan sallar isha'i, duk kalmar da ta faɗa wadda bai taɓa ji a makaranta ba ya rubuta ta, ya rubuta jimlar da ta zo a ciki yadda ta fito daga bakinta, da sunan garin da tsohuwar ta girma. In shafukan sun taru, ku aiko mana da su, za mu buga a wannan fili.